Ashe Ciwonmu Ba Ɗaya Ba Ne



Duk mai wucewa ta gaban teburin mai shayi na bakin layinmu bayan sallar asuba ya san bencinmu. Shekara da shekaru mu huɗu ne a kansa: direban babbar mota mai zuwa Arewa, tela, ɗan canji, sai kuma Alhaji, ɗan kasuwar goro, wanda ya girme mu duka, kaka-gida na gaske, don a nan Badun aka yanke masa cibi. Yau mu uku muka rage. Mun daɗe muna shawarar ko mu rubuta wannan ko mu bari, saboda maganar ciki da bayan gida ba magana ce da babba yake yi a bainar jama'a ba. To amma kunyar nan tana cikin abin da ya ci mana mutum. Don haka a yi mana afuwa idan aka ji mun kira abu da sunansa.

Bayan shayi da hira, ciki ma ya haɗa mu. Telanmu yakan yi kwana uku ko huɗu bai zaga ba, cikin ya kumbura ya yi tam kamar ganga, kafin la'asar sai ya sassauta zariyar wando. Idan Allah ya sa ya fita, ƙanana-ƙanana kamar na akuya, ya taso kuma yana jin bai gama ba. Direba shi nasa gudu ne. Ciki ya murɗa, kafin ya ce me, sai neman daji. Babu gidan man da ke da banɗaki tsakanin Oyo da Mokwa da bai sani ba. Ɗan canji kuwa nasa ya haɗa biyun, mako guda a ɗaure, mako guda a sake, ga iska, ga ƙugi har na kusa da shi ya ji. Alhaji shi kullum cewa yake nasa basir ne na gado, mahaifinsa ma da shi ya rayu.

Kun san dai yadda gidajenmu suke. Ɗaki goma sha wani abu, banɗaki ɗaya, da asuba ga layi kowa da butarsa. Magidanci da furfura a gemu ya shiga sau uku kafin rana ta fito, yaran gida suna ƙirga masa. Wanda bai taɓa wannan ba bai san nauyinsa ba.

A Sabo ciwon ciki suna uku gare shi: basir, ulsa, ko taifod. Maƙwabtanmu Yarabawa kuma suna da nasu sunan, jedijedi, wanda kusan duk abin da muke jingina wa basir su ma shi suke jingina wa. To idan Bahaushe da Bayarabe suka yi ittifaƙi a kan cuta, wa zai ja? Sai muka yanke wa kanmu hukunci a kan benci cewa ciwonmu ɗaya ne, basir ne, kowa dai da yadda nasa yake fitowa.

Magani kuwa babu wanda ba mu sha ba. Mun sha na mai lasifika a kan mota, kwalba ɗaya wai tana maganin basir da sanyi da ciwon baya da raunin maza. Mun sha filasko. Mun sha sanamaki daga shagon magungunan Musulunci. Mun sha sassaƙen maɗaci, jiƙon sabara, ruwan kanwa, ruwan alobera. Mun sha agbo a wajen mai bokiti a Mokola. Idan abin ya yi tsanani mu leƙa kemis mu karɓo Flagyl da ja-da-yalo, mu sha kwana biyu mu watsar. Duk wanda ya samo sabon abu sai ya kawo benci a raba, kamar goron ɗaurin aure. Kuma wallahi kowanne sai mu ji sauƙi na 'yan kwanaki, mu ce an dace, sannan ciwo ya dawo mu ce ai ba mu sha ya isa ba.

Kamar shekara ɗaya da rabi kafin rasuwarsa, na Alhaji ya canza. Ya fara ganin jini a cakuɗe da bahaya. Ya fara tashi cikin dare yana zagawa. Babbar riga ta yi masa yawa, tafin hannunsa ya yi fari, ɗan hawan nan na Mokola sai ya tsaya ya huta sau biyu. Da idonmu muka ga duk wannan. Me muka ce? Muka ce basir mai jini ne, shi ne mai taurin kai. Mu da hannunmu muka kai masa galan guda na jiƙo, muka ce Alhaji a daure a shanye. Babbar 'yarsa ta yi magana, Hajiya ta yi magana, ya ce shi ba zai je yaro sa'an ɗansa ya buɗe masa tsiraici ba. Mu kuma muka goya masa baya.

Ranar da aka kai shi asibiti, ɗaukarsa aka yi. Hanji ya toshe, ciki ya kumbura, sai amai. Aka yi masa aiki cikin gaggawa, aka tarar da sankarar babban hanji, ta riga ta kai hanta. Ya ƙara wata biyar a duniya. Mun sani, kwana idan ya ƙare babu makawa. Amma likitan da ya yi aikin ya gaya wa iyalinsa a gabanmu cewa irin wannan sankarar idan an kama ta da wuri ana yanke ta, mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Ya kuma ce a ƙasar nan mafi yawan masu ita a makare suke zuwa, kuma ba tsofaffi kaɗai take kamawa ba.

Wata rana mun je gaishe shi a gida, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, “Ku uku ɗin nan, ku je a duba ku. Kada wanda ya ƙara auna cikinsa da na wani.” Muka ce to Alhaji, in sha Allah. Ya ce, “Ba in sha Allah ta 'yan kasuwa ba.” Shi ne dariyar ƙarshe da muka yi da shi.

Bayan sadakar arba'in muka tafi, mu uku, gabanmu yana faɗuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita ya yi mana tambayoyin da ko matanmu ba su taɓa yi mana ba. Tun yaushe? Ciwon yana lafawa idan an zaga, ko ƙaruwa yake? Yana tashin ka daga barci? Akwai jini? Ka rame? Akwai wanda ya yi ciwon hanji a danginku? Aka ɗebi jini, aka karɓi bahaya. Ɗan canji da yake ya haura hamsin, aka ce sai an leƙa hanjinsa da na'ura mai kyamara. Ya yi ta zillewa, muka tuna masa maganar Alhaji, ya je.

Sakamako ya fito, ashe ciwonmu ba ɗaya ba ne. A cikin direba aka samu wata ƙwayar cuta da ake kira jiyadiya, wadda ake ɗauka a gurɓataccen ruwa. Flagyl ɗin da yake sha na kwana biyu bai isa ya kashe ta ba, ga shi kuma kullum yana shan ruwan hanya. Aka ba shi magani cikakke, zawon ya tsaya, sai dai cikin ya zauna da saurin motsi, wanda likita ya ce hakan yana faruwa ga wasu bayan cutar ciki ta wuce. Tela da ɗan canji kuwa ba a samu komai ba. Jini lafiya, bahaya lafiya, hanji fes. Ɗan canji har ya fusata, ya ce, “Likita, shekara takwas ina fama, ka ce ba komai?”

Likita ya ce, “Malam, ban ce ba komai ba. Cewa na yi babu gyambo, babu ƙari. Ciwon yana nan, kuma yana da suna.”

Likitoci suna kiransa da haruffa uku na Turanci, IBS. Mu a benci muka raɗa masa hanji mai saurin fushi. Yadda ya yi mana bayani, akwai jijiyoyi da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da hanji dare da rana. A jikin mai wannan lalura saƙon ne yake rikicewa. Hanji ya yi gudu fiye da kima, ko ya yi nawa, sannan ga saurin jin zafi: iskar da wani zai ɗauka bai ma sani ba, shi sai ta murɗe shi. Ƙa'idar da ƙwararru suka fitar a 2016, wadda ake kira da sunan birnin Roma, ta ce ana duba ciwon ciki da ke zuwa aƙalla kwana ɗaya a mako cikin wata uku na baya, tare da aƙalla biyu daga cikin waɗannan: alaƙa da zagawa, canjin yawan zagawar, ko canjin kamannin bahaya, kuma ya zamana abin ya faro wata shida ko fiye. Ya ce ba ya rikiɗewa ya zama sankara, ba ya cinye hanji. Amma kuma ba a tumɓuke shi, lallaɓa shi ake yi. Yakan tafi da kansa ya dawo da kansa, kuma duk maganin da ya yi sa'ar haɗuwa da ranar tafiyarsa, shi ake yi wa kirari. Nan muka gane sirrin kwalaben da muka yi ta yabo.

Mun zaci zai zage mu a kan itatuwa. Sai ga shi abu biyu na farko da ya rubuta mana duk daga tsiro suke.

Na farko man na'ana'a. Akwai sinadari a cikinsa da ke sassauta naman jikin hanji, murɗawar ta lafa. An gwada shi a kan masu wannan ciwo sau da dama, har ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta sa shi cikin shawarwarinta na 2021. Amma fa wanda aka gwada ɗin kafso ne mai rufi na musamman, wanda ba ya narkewa sai ya wuce tumbi ya isa hanji. Ana haɗiye shi ɗungurungum da ruwa kafin cin abinci, ba a taunawa, ba a fasawa, ba a kuma haɗa shi lokaci ɗaya da maganin ulsa mai kashe tsamin ciki, don yana narkar da rufin tun a sama. Illarsa ƙwannafi, don haka mai fama da ƙwannafi ya faɗa wa likita tukuna. Man na'ana'a na kwalba da ake shafawa ko ake turare da shi ba na sha ba ne. Shayin ganyen na'ana'a kuwa muna sha, yana da daɗi, yana kwantar da ciki kaɗan, amma ƙarfinsa bai kai na kafson ba. Ɗan canji shi ya fi cin moriyar wannan. Cikin mako biyu zuwa uku murɗawar ta ragu, ko da yake ba ta ɗauke gaba ɗaya ba.

Na biyu ɓawon irin wata ciyawa da aka fi nomawa a Indiya, a kemis ana sayar da shi da sunan ispaghula ko psyllium. Idan ya sha ruwa sai ya yi yauƙi ya kumbura. Mai taurin bahaya yana tausasa masa, mai sakin ciki kuma yana ɗan haɗe masa. Ana farawa da ƙaramin cokali ɗaya a cikin kofi cike da ruwa, a juya a shanye nan take kafin ya daskare, a bi da wani ruwan, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ba a afa shi a bushe, ba a kuma shan sa dab da kwanciya. Telanmu da garaje ya fara da babban cokali biyu, ya kwana yana tsine mana. Da ya koma ƙa'ida, kafin wata guda ya dawo zagawa kusan kullum, abin da ya manta rabonsa da shi. Likita ya ja mana kunne cewa dusar alkama da wasu ke sha don sakin ciki ba irin wannan ba ce, ita takan ƙara wa mai wannan ciwo kumburi. Mu kuma a jikinmu mun lura miyar yauƙi tana yi mana kirki: kuɓewa, kuka, da ewedun maƙwabta, wanda ba wani abu ba ne illa lalonmu na gida.

Muka tambaye shi citta fa? Ya ce tana taimakon tashin zuciya, a sha, amma da aka gwada ta a Amurka a kan wannan ciwo ba ta nuna ta fi maganin bogi ba. Barkono da yaji mai yawa kuwa, mai sakin ciki ya yi hattara.

Sai maganar abinci, wadda ta fi kowace wuya. Masu bincike a Jami'ar Monash da ke Ostareliya, tun wajen 2005, suka nuna akwai wasu nau'o'in sukari a cikin abinci da ƙaramin hanji ba ya iya tsotse su sosai. Sai su jawo ruwa, su gangara babban hanji, ƙwayoyin da ke zaune a can su yi ta cin su suna fitar da iska, kamar yadda ƙullu yake tashi idan ya kwana. Kowa hakan yana faruwa a cikinsa, amma mai hanji mai saurin fushi shi ne yake ji. Likita ya fara lissafo masu yawan irin wannan: albasa, tafarnuwa, alkama, wake, madara, mangwaro, kankana, tuffa, zuma. Muka kalli juna. Ai teburin mai shayi ya karanto mana: burodi, madara, ƙwai da albasa, taliya, ga mai ƙosai a gefe.

Ya ce kada mu ɗauka haramta mana su aka yi. Dabarar ita ce a janye su na mako huɗu zuwa shida, a riƙa rubuta abin da aka ci da yadda aka kwana, sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ba shi kamar kwana uku a ga halinsa. Wanda bai yi laifi ba ya koma tukunya. Zama a kan ƙaurace wa komai har abada yunwa ce, kuma ba ta da amfani ga hanjin kansa. Tela ya yago takardu daga littafin awon kaya, kowa ya samu nasa.

Abin mamaki, kowa da ɓarawonsa. Ɗan canji albasa da tafarnuwa ne. Maganin wannan a kicin yake: uwargidansa ta koma sa lawashi, koren ganyen albasa, don abin da ke tayar da cikin ya fi taruwa a kan albasar. Tafarnuwa kuma ta soya ta a mai ta tsame ta zubar, ƙamshin ya zauna a man, shi kuwa sukarin ba ya narkewa a mai. Direba madara ce. Tun 1971 wani bincike da aka yi a nan Nijeriya ya nuna yawancin manyan Yarabawa da Inyamurai ba sa iya narkar da sukarin madara, alhali yawancin Fulani makiyaya suna iyawa. Direbanmu kullum yana taƙama kakarsa Bafulatana ce, ashe bai gaji cikinta ba. Yanzu baƙin shayi yake sha, kindirmo kaɗan kuma ba ya damunsa, don tsamin da ya yi ya rage sukarin. Tela wake ne da burodi. Ƙosai biyu lafiya lau, ƙosai goma da alale da miyar gbegiri a rana ɗaya kuwa, sai Allah. Lokacin azumi ma mun koyi buɗe baki a hankali, don kankana da ƙosai da kunun madara a zama ɗaya, a kan cikin da ya wuni a rufe, faɗa ne da hannu biyu.

Kada wani ya ce to me ya rage a ci. Tuwon shinkafa yana nan, na masara, na dawa, kunun gero, doya, amala, nama, kifi, ƙwai, gwanda, abarba, lemo. Kusan abincin da iyayenmu suka tashi da shi ne.

Zuma kuwa ba mu ja da falalarta, kuma ba mu daina sha ba. Amma rabin kofi da safe a kan cikin da babu komai, kamar yadda ɗan canji yake yi, yana sakar masa ciki saboda irin sukarin da ke cikinta. Ya koma ƙaramin cokali, an zauna lafiya.

Goro ma sai da aka taɓo shi, mu da Sabo ta ginu a kan goro da shanu. Sinadarin da ke hana barci a kofi da shayi shi ne a goro, kuma yana zaburar da hanji. Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, a jagoran da ta fitar a 2008, ta ba da shawarar kada mai wannan ciwo ya wuce kofi uku na shayi ko kofi a rana. Mu kuwa shayi da asuba, shayi da hantsi, ataya da dare, goro a kumatu tsakani. Direba da ke cin goro don kada ya yi gyangyaɗi a hanya, shi ya fi shan wuyar ragewa. Wannan jagoran dai shi ne ya ce a daina ba masu wannan ciwo alobera.

Sauran abin da muka sha fa? Filasko da sanamaki 'yan gida ɗaya ne. Suna aiki, babu musu, har a asibiti ana amfani da danginsu. Amma aikinsu zaburar da hanji ne da ƙarfi, shi ya sa suke murɗa ciki, kuma na 'yan kwanaki ne. Wanda ya mayar da su abin kullum suna zuƙe masa ruwa da gishirin jiki. Telanmu ya yi shekaru yana kashe taurin ciki da filasko, yana sayen murɗawa da kuɗinsa. Kanwa gishiri ce mai yawa, mai hawan jini ya kiyaye ta. Agbo da kwalaben da babu rubutu, matsalarsu ita ce ba ka san me ke ciki ba, ba ka san yawansa ba, wasu kuma a giya ake jiƙa su, abin da Musulmi ya kamata ya tambaya kafin ya kai baki. Likitocin ƙoda sun daɗe suna kuka da irin waɗannan haɗe-haɗe. Ko wanda ke da lambar NAFDAC, ku sa yaro ya karanta muku ƙananan rubutun jikin kwalbar. Sau da yawa za ku ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da mai maganin yake yi ba. Su kuma Flagyl da ja-da-yalo na gaira babu dalili, ƙwayoyin kirki na cikin hanji suke kashewa.

Ba muna cewa masu maganin gargajiya duk macuta ne ba. Muna da su a unguwar nan, dattawa masu tsoron Allah, akwai ma wanda da ya ga Alhaji ya ce masa wannan ba nawa ba ne, tafi asibiti. Mu ne ba mu ji ba.

Akwai kuma abin da ba a jiƙawa a sha. A watan Fabrairun 2021, lokacin rikicin kasuwar Shasha, ko da yake wutar ba ta iso layinmu ba, makon nan kaf babu wanda cikinsa ya zauna a cikinmu. Ɗan canji kuwa mun daɗe muna tsokanarsa cewa cikinsa da dala suke hawa da sauka. Ashe ba wasa ba ne. Mu da ke zaune a Kurmi, kunne ɗaya a kasuwa, ɗaya a gida Arewa, ga haya, ga kuɗin makaranta, ga fargabar abin da gobe za ta kawo, hanji yana jin duk wannan. Likita ya ce ba wai ciwon a ka yake ba, amma damuwa tana hura shi. Yanzu bayan asuba, kafin mu zauna a benci, mukan taka mu zagayo ta Adamasingba mu dawo, kamar rabin awa. Muna ƙoƙarin cin abinci a kan lokaci, a zaune, a tauna, maimakon wuni da yunwa a rufe da lodi da dare. Ya kuma ce idan duk wannan bai wadatar ba akwai ƙwayoyi na asibiti, har da wata da ake bayarwa kaɗan don kwantar da jijiyoyin hanji, kuma shan ta ba ya nufin mutum ya taɓu.

Wani abu da ɗan canji bai taɓa faɗa mana ba sai daga baya: shekara biyu ya daina tsayawa a sahun gaba. Iska ba ta barin alwalarsa, yakan sake ta sau uku kafin a tayar, sai ya koma can baya kusa da ƙofa. Da ya cire kunya ya tambayi liman, liman ya ce ai malaman fiƙihu sun yi wa mai irin wannan lalura babi guda, kuma akwai sauƙi a cikinsa gwargwadon halin mutum. Duk mai wannan damuwa ya samu malaminsa ya faɗa masa yadda abin yake, kada ya yanke wa kansa hukunci, kada kuma ya bar jam'i.

Sai iyayenmu mata. Likita ya ce wannan ciwo ya fi kama mata a kan maza. Da tela ya koma gida yana ba da labari, sai matarsa ta ce ita ma shekara tara ke nan, yana tsananta mata lokacin al'ada, kullum ana ce mata sanyi ne ana ba ta jiƙo. Shekara tara suna ɗaki ɗaya, kowa yana ɓoye wa kowa. Magidanta, a tambayi iyali. Kuma macen da ta kai hamsin, kumburin ciki ya zo mata sabo ya ƙi tafiya, ko tana saurin ƙoshi, kada a ce iska ce, a kai ta a duba, don sankarar ƙwan mahaifa takan fara da irin wannan kama.

Ga abin da muke roƙon kowa ya riƙe, ko da ya manta sauran. Idan akwai jini a bahaya ko ta koma baƙa ƙirin, idan ana ramewa babu dalili, idan jini ya yi ƙasa har tafin hannu ya yi fari, idan zawo ko ciwo yana tashin mutum daga barci, idan akwai zazzaɓi ko ƙullutu a ciki, idan yanayin zagawa ya canza bayan an kai hamsin, ko akwai wanda ya yi sankarar hanji a dangi, to wannan ya wuce na'ana'a, ya wuce filasko, ya wuce shawarar benci. Basir na gaske yana nan, yana kuma zubar da jini, amma likita ne zai duba ya ce shi ne. UCH ga shi nan kusa da mu tun 1957, ga sauran asibitocin gwamnati a gari. Mun san kuɗin gwaji ba wasa ba ne a wannan zamani. Amma da muka zauna muka lissafa abin da kowannenmu ya kashe a kwalabe cikin shekarun nan, ya ninka kuɗin gwajin.

Mu uku har yau ba mu warke ba. Akwai makon da ciki yake tashi, musamman idan an yi biki an saki baki. Bambancin shi ne yanzu mun san abin da ke damunmu, mun san abin da ke tayar da shi, ba ma kwana da tsoron ko wani abu ne yake cin mu. Kwanan baya wani matashi mai sayar da waya ya zauna a gurbin Alhaji yana dafe ciki, ya ce ko muna da na basir. Direba har ya kai hannu aljihu, sai ya fasa. Muka tambaye shi tun yaushe, akwai jini, ya rame? Ya ce jini kam yana gani. Washegari tela ya rufe shago ya raka shi.

Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani. Marasa lafiyarmu na gida da na asibiti Allah ya ba su sauƙi. Amin.